Ga Ƙarfe Tuli, Ga Jini Babu



A ƙasar nan, da zarar an ce wa mutum jininsa ya yi ƙasa, kafin ya kai bakin ƙofar asibiti magani ya riga ya fito daga bakin mutum goma. Wannan ya ce a jiƙa masa karan dafi, waccan ta ce a haɗa masa lemon malt da madarar gwangwani, wani ya ce ai zoɓo ne sarki, mai kemis kuma ya miƙo kwalbar maganin ƙarin jini, wanda babban abin da ke cikinsa sinadarin ƙarfe ne. Ba zan yi wa mai kemis rashin adalci ba, sau da yawa yakan dace, domin rashin ƙarfe shi ne kan gaba a duniya wajen jawo ƙarancin jini, musamman ga masu juna biyu da ƙananan yara da waɗanda tsutsar ciki ke tsotsa. Mai ciki da aka ba ƙwayoyin ƙarfe a wurin awo, don Allah ta ci gaba da shan abinta, ba da ita nake ba.

Yau da wani nau'in nake, wanda ba shi da yawa, amma wanda ya same shi yakan sha wuya kafin a gane. Likitoci suna kiransa ƙarancin jini na sidarobilastik. Mai shi zai sha kwalba ɗaya, ya sha ta biyu, ya shekara yana sha, idonsa na nan fari fat, tafin hannunsa babu ja, ya yi ɗan taku kaɗan sai haki. Ba ƙarfe ya rasa ba. Ƙarfen ma ya yi masa yawa, jikin ne ya kasa sarrafa shi, kuma kowane cokali da aka ƙara masa ƙarin cuta ne.

Mu shiga cikin ɓargo, domin can ake yin jini. Ɓargon baligi mai lafiya yana fitar da jajayen ƙwayoyin jini sama da miliyan 2 a kowace daƙiƙa, kowace ta yi kwana 120 tana zagaya jiki kafin saifa ta kawar da ita. Ƙwayar ba ta fitowa haka kawai. Tana farawa ne da babban jiki da cibiya a tsakiya, ta yi ta rabuwa tana ƙanƙancewa, tana cika cikinta da himogulobin, wato abin da ke ɗaukar iskar da muka shaƙa ya kai ta ko'ina. Sai ta cika, sannan ta tofar da cibiyar ta faɗa cikin jijiya. A cikin kowane himogulobin akwai wasu sassa 4 da ake kira him, kowanne ɗan firam ne mai ƙwayar ƙarfe ɗaya tak a tsakiyarsa. Wannan ƙarfen shi ke kama iska, shi ne kuma ya sa jini yake ja.

Haɗa him mataki 8 ne. Na farko da 3 na ƙarshe a cikin wasu ƙananan ɗakuna na ƙwayar ake yinsu, sunansu mitokondiriya, sauran 4 kuma a waje. Ɗauki ɗakunan nan a matsayin maƙera. Masu kawo ƙarfe suna ta kawowa ba dare ba rana, ba ruwansu da ko ana aiki ko ba a yi. Maƙerin shi ne wani sinadari mai aikin farko da masana ke kira ALAS2, kuma ba ya iya ɗaga guduma sai da zugazugi. Zugazugin nan shi ne bitamin B6. In zugazugi ya huje, ko maƙerin ya gaza riƙe shi, wuta ba za ta kama ba, ba za a ƙera firam ba, ƙarfe kuwa sai ya yi ta taruwa har ya toshe maƙerar.

Abin da likitan jini ke gani ke nan da idonsa. Za a kwantar da maras lafiya a gefe, a yi masa allurar kashe zafi a bayan ƙugu, a soka allura mai kauri cikin ƙashi a zuƙo ɗan ɓargo, a shafa a kan gilashi. Sai a zuba masa wani rini da wani likitan Jamus, Max Perls, ya fito da shi tun 1867, wanda duk inda ya tarar da ƙarfe sai ya mai da wurin shuɗi. A ɓargon mai lafiya, ɗigo ɗaya ko biyu za ka gani a warwatse cikin ƙwayar. A na mai wannan cuta kuwa, ɗige-ɗige shuɗɗa ne jere sun yi wa cibiyar ƙawanya, domin a nan mitokondiriya suke zama. Ƙa'idar masana ita ce ɗigo 5 ko fiye, da suka zagaye aƙalla kashi ɗaya cikin uku na cibiyar. Wannan ita ake kira ƙwaya mai zobe. Da yawa daga cikinsu ba sa ma fita daga ɓargon, a nan suke mutuwa, ƙarfen da ya cunkushe su ne ke lalata su. Waɗanda suka samu fita, a wasu nau'o'in cutar, sukan fito ƙanana, koɗaɗɗu.

To ga inda gizo ke saƙar. Ƙanana, koɗaɗɗu, haka ƙwayoyin mai rashin ƙarfe ma suke fitowa a awon jini na yau da kullum. Duk wanda ya duba takardar sakamakon a gurguje zai rubuta ƙarfe.

Jikin ɗan Adam kuwa Allah bai yi masa ƙofar fitar da ƙarfe ba. Gaba ɗaya abin da ke jikin baligi giram 3 zuwa 4 ne, yana shigar da miligiram 1 ko 2 a rana ta hanji, yana zubar da kamar haka ta fatar da ke saɓulewa da makamantansu, mata kuma ta jinin al'ada. Hanta ke riƙe da linzamin, ta hanyar wani sinadari mai suna hefsidin, wanda ke ce wa hanji ya isa haka. Amma ɓargon da ƙwayoyinsa ke ta mutuwa yakan aika saƙo cewa yana bukatar ƙarfe, sai hanta ta saki linzamin, hanji ya yi ta kwasa. Ke nan ko ba a ba mai cutar ko ƙwaya ɗaya ba, ƙarfe na taruwa a jikinsa. Ina ga an ɗora masa kwalabe, ina ga an yi masa ƙarin jini, alhali kowace leda tana ɗauke da miligiram 200 zuwa 250? Rarar nan hanta take fara kamawa ta ƙandare, ta kama gaɓar da ke daidaita suga a wayi gari da ciwon suga, ta raunana zuciya, ta kashe wa namiji ƙarfin mazakuta. A nau'in da ake gada, sau da yawa ba ƙarancin jinin ke kai mutum kabari ba, ƙarfen ne.

Shi bitamin B6, wanda Paul György ya gano a 1934, ba wani abu ne mai wuyar samu ba. Yana cikin hanta da kifi da kaza da gyaɗa da wake da ayaba da dankali, yana cikin hatsi ma, sai dai surfe mai yawa na tafiya da kaso mai tsoka a cikin dusa. Abin da baligi ke bukata a rana bai kai miligiram 2 ba. Amma yadda ya shiga baki ba haka yake aiki ba. Sai jiki, musamman hanta, ya sarrafa shi ya mai da shi wani siffa da ake kira PLP, kuma ɗaya daga cikin matakan sarrafawar yana bukatar bitamin B2. Shi ya sa da wuya ka ga wanda rashin B6 a abinci kaɗai ya jefa cikin wannan cuta. Galibi bitamin ɗin na nan, wani abu ne ya tare masa hanya.

Na farko, gado. A 1945 wani likitan yara a birnin Detroit na Amurka, Thomas Cooley, ya ba da labarin wani dangi da ƙarancin jini ke bin mazansu. A 1956 wasu likitocin Amurka suka ga maras lafiyar da jininsa ya tashi bayan an ba shi B6 mai yawa. Sai a 1992 aka gano aibin yana cikin ƙwayar gadon ALAS2 ne, wadda ke kan abin da masana ke kira kuromosom X. Namiji X ɗaya gare shi, daga mahaifiyarsa, don haka in ya gaji mai aibi ba shi da madadin. Mace biyu gare ta, yawanci lafiyayyen ya rufa mata asiri, ko da yake akwai matan da cutar kan bayyana musu, wani lokaci bayan sun manyanta. Uba ba ya ba ɗansa namiji, amma duk 'ya'yansa mata za su ɗauka. Don haka likitan da ya san aikinsa ba tambayar uba zai fara da ita ba, zai tambayi kawunnai, 'yan'uwan uwa maza.

A irin wannan, maƙerin ne riƙonsa ya yi rauni, kuma in aka cika masa wuri da B6, miligiram 50 zuwa 200 a rana, kusan biyu cikin uku na masu cutar jininsu kan ɗaga, wasu sosai, wasu kaɗan. Shan kuwa na har abada ne, in an daina cutar ta dawo. Akwai kuma wani abin mamaki. An lura cewa ƙarfen da ya taru shi kansa yana hana bitamin aiki, saboda haka wani lokaci likita kan riƙa ɗibar jini kaɗan-kaɗan daga jikin mai ƙarancin jini, kuma a ga jinin ya ƙaru. Kada wani ya ji wannan ya nufi gidan wanzami a yi masa ƙaho. Ana yin wannan ne da awo, ana duba jini kafin kowace ɗiba.

Na biyu ya fi kusa da mu, wato maganin tarin fuka, wanda ake kira tibi. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan masu tibi a duniya, kuma ginshiƙin maganin tun 1952 shi ne isoniyazid. Mai tibi yana shansa duk tsawon wata 6 na magani, ana kuma ba masu cutar da ke karya garkuwar jiki don rigakafi. Magani ne da ya ceci miliyoyin rayuka, amma gaba yake da B6 ta fuska biyu: yana manne wa bitamin ɗin su fice tare ta fitsari, yana kuma danne sinadarin da ke mai da shi PLP. Abin da maras lafiya ya fi fara ji ba ƙarancin jini ba ne, ƙafafu ne. Zai ce tafin ƙafarsa na yi masa zugi da dare, ko yana jin tsira-tsira, ko ya mutu har takalmi ya fita bai sani ba. Ƙarancin jinin ya fi wannan wuyar aukuwa, amma yana aukuwa, kuma saboda tibi shi kansa yana rage jini, sai a ɗora wa tibi laifin a wuce. Mutane kuma sun bambanta, hantar wasu tana jinkirin sarrafa isoniyazid, sai ya daɗe a jininsu, su ne abin ya fi kamawa, tare da masu ciki da masu shayarwa da masu suga da masu ciwon ƙoda da waɗanda yunwa ta rame.

Rigakafin ɗan ƙaramin abu ne, ƙwayar B6 ta miligiram 10 zuwa 50 a rana tare da maganin. A ganina duk wurin da ake raba maganin tibi kyauta, bai kamata wannan 'yar ƙwaya ta zama abin da za a rubuta wa talaka a takarda a ce ya je ya saya ba, domin ba zai saya ba, kuma ranar da ƙafa ta fara zugi maganin tibin zai ajiye. Ajiye shi kuwa shi ne babbar musiba, daga nan ake samun tibin da ba ya jin magani. Mai sauraro, in kana kan maganin nan ka ji ƙafarka ta canza, kada ka daina sha, koma wurin da aka ba ka, ka faɗa musu.

Giya ma tana cikin manyan masu jawo zoben nan a duniya, tana lalata PLP, tana kuma yi wa mitokondiriya illa kai tsaye, amma in mashayi ya daina, cikin mako biyu zoben kan ɓace. Haka kulorafenikol, wanda mutanenmu suka daɗe suna saye a kemis da sunan maganin taifot, da wani maganin ƙwayoyin cuta mai suna linezolid da ake amfani da shi a tibi mai taurin kai. Waɗannan biyun ba ruwansu da B6, ɗakunan da kansu suke raunanawa.

Sai dalma. Wannan ba sai an ba mutanen Zamfara labari ba. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, daga baya aka gano Bagega ma abin ya kai can. Duwatsun zinariya ne masu cike da dalma ake kawowa gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a inji, ana shanyawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara aƙalla 400 suka rasu. A 2015 aka sake gani a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi. Abin da ya kashe yaran nan ƙwaƙwalwa ce dalmar ta kama, da jijjiga da suma, amma a ɓargo ma ɓarnarta ba kaɗan ba ce. Tana tsayar da mataki na 2 na haɗa him, tana kuma tsayar da na ƙarshe, daidai inda ake saka ƙarfe a cikin firam. B6 ba shi da abin yi a nan. Sai an raba yaro da gubar, an kankare ƙasar gidan an zuba sabuwa, sannan a ba shi maganin da ke jawo dalma daga jiki, kamar yadda aka yi a Zamfara. Kuma ba masu haƙar zinariya kaɗai ba. Mai fasa tsohon batirin mota yana cikin haɗari, haka jaririn da ake rambaɗa wa kwallin dutse, domin an sha gwada irin wannan kwalli a same shi yawancinsa dalma ce.

Akwai wani da ke zuwa ta hanyar neman lafiya. Jiki na bukatar ɗan tagulla kaɗan don mitokondiriya su yi aiki, sinadarin zink kuwa in ya yi yawa yakan hana hanji ɗaukar tagulla. Wanda ya ɗauki wata da watanni yana haɗiyar ƙwayoyin zink masu ƙarfi don a ce suna ƙara garkuwa, kamar yadda aka yi ta yi a zamanin korona, zai iya wayar gari da ƙarancin jini mai zobe, da ƙarancin fararen ƙwayoyin jini, da tangaɗi wajen tafiya. Jinin yakan gyaru in an ba da tagulla, jijiyoyin ba kullum ba. Wannan bai shafi zink na kwana 10 zuwa 14 da ake ba yaro mai gudawa ba, wannan a ci gaba da bayarwa.

Ba B6 ne kaɗai bitamin da ke cikin maganar ba. Tun 1969 aka san wata cuta ta yara da ke haɗa abu uku: ƙarancin jini, ciwon suga, da kurumta. A 1999 aka gano cewa ƙofar da ke shigar da bitamin B1 cikin ƙwayoyin jiki ce ke da aibi. In aka ba yaro B1 mai yawa jininsa kan gyaru, sugan ma kan yi sauƙi, amma jin da ya tafi ba ya dawowa. Ita wannan sai yaro ya gaji aibin daga uwa da uba duka biyu, don haka an fi ganinta inda ake yawan auren zumunci. Ba zargi nake ba, zumunci abu ne mai kyau. Amma gidan da aka ga yara biyu da kurumta da suga tun suna ƙanana, ya kamata wani ya duba jininsu.

A ƙasashen da mutane ke yawan kai tsufa kuwa, nau'in da likitocin jini suka fi gani shi ne wanda ke kama 'yan shekara 60 zuwa sama, wanda wani likitan Suwidin, Björkman, ya bayyana a 1956. Nan ɓargon ne da kansa ya samu tangarɗa, kuma a 2011 aka gano yawancinsu suna da sauyi a ƙwayar halitta mai suna SF3B1, sauyin da ba gadonsa aka yi ba, tsufa ne ya kawo shi. Akan gwada B6, da wuya ya yi aiki. Sai allurar zaburar da ɓargo, ko wata allurar mai suna luspatercept da Amurka ta amince da ita don wannan cuta a 2020, wadda kuɗinta ya fi ƙarfin kusan kowa a nan, ko ƙarin jini a kai a kai tare da maganin fitar da ƙarfe. Kaɗan daga cikinsu kan rikiɗe su zama sankarar jini.

Na san wani yanzu yana cewa to ai shi ke nan, gobe sai in sayi B6 in yi ta sha. A'a. A 1983 likitoci a Amurka suka ba da rahoton mutanen da suka riƙa shan giram 2 ko fiye a kullum, suka ƙare ba sa jin ƙafafunsu, ba sa iya tafiya sosai, kuma daga baya an ga irin haka a adadin da bai kai wannan ba in an daɗe ana sha. Bitamin da ke kare jijiya shi ke kashe ta in ya wuce kima.

Ma'aunin da zan ba mai sauraro shi ne lokaci. Wanda rashin ƙarfe ne damuwarsa, in yana shan maganin yadda aka ce, cikin mako 3 zuwa 4 awo zai nuna jini ya fara hawa. In an yi wata biyu shiru, kada a sake sayen wata kwalba. Wataƙila jini na zuba ta wani wuri, wataƙila hanji ba ya ɗauka, wataƙila kuma tun farko ba ƙarfe aka rasa ba. A nemi awon feritin, shi ke nuna yawan ƙarfen da jiki ya adana, a haɗa da awon yadda jini ya ƙoshi da ƙarfe, domin zazzaɓin cizon sauro da tibi da ciwon hanta duk sukan ɗaga feritin su ruɗa mutum. In duka biyun sun hau alhali jini na ƙasa, maganar ta wuce ƙaramin asibiti, ta zama ta sashen jini na manyan asibitoci, irin na koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda ake duba ɓargo. Mai zuwa ya tattara duk abin da yake sha a leda ya tafi da shi, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ya kuma faɗi sana'arsa da sana'ar da ake yi a tsakar gidansu ko ba a tambaye shi ba.